A Nemo Mini Baƙar Kwamfutar da Na Bari a Shagonku

Zuwa ga Alhaji mai shagon sayar da kwamfutoci da musayarsu, a bakin titin Zariya, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ya kasuwa, ya haƙuri da jama'a? Allah ya sa mu dace.

Sunana Malam Sale Magini. A Gyadi-Gyadi aka haife ni, a nan na yi sana'ar gini har ƙarfina ya ƙare, a nan kuma nake zaune. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, iyakata abin da zan yi salla da shi. Wannan takarda da bakina nake faɗa, 'yata Hajara ce take bugawa, kuma mun yi da ita ba za ta gyara mini magana ba. In ka ji wata kalma ta yi kaushi, tawa ce, kada a ɗora mata.

Ban sa sunanka ba, ban sa sunan shagonka ba, don ba ɓata maka kasuwa na fito yi ba. Sau bakwai ina zuwa nemanka. Yau a ce Alhaji ya fita, gobe a ce Alhaji yana Legas, jibi a ce yana ciki amma yana da baƙi. Tun ina zama a kan bencin ƙofa har mai gadinka ya san irin goron da nake ci. Shi ya sa na kawo maganar fili, ko Allah zai sa ta iske ka, ko ta iske mutumin da kayana yake hannunsa.

Abin da nake nema guda ɗaya ne: tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, baƙa, wadda na ba ku musaya ranar Talatar da ta biyo bayan ƙaramar salla. A cikinta akwai muryoyin dattawa goma sha huɗu na unguwarmu. Goma sha uku sun riga mu gidan gaskiya. Babu wani wuri a duniya da muryoyin nan suke sai cikinta.

Ga bayanin dalla-dalla.

Na ɗaya: abin da yake ciki.

Na tashi na tarar da rabin inda kuke kira unguwa yanzu gonaki ne. Gero, dawa, gyaɗa, rijiyoyi, da kududdufan da muke haƙar ƙasar gini. A idona gonakin suka zama filaye, filayen suka zama gidaje, kuma da yawansu ni na haƙa harsashinsu. Al'adata ita ce ban taɓa sa diga a ƙasa ba sai na kira dattijon da ya san wurin ya zo ya taka mini iyaka da ƙafarsa. Ya ce daga gindin aduwar nan zuwa inda gamba ta tsaya na wane ne, daga nan zuwa tsohuwar rijiya na 'ya'yan wance ne. Sai in ja igiya a gabansa.

Da na ga masu taka mini iyakar suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, itatuwan da suke nunawa kuma ana sarewa, sai na sayi rediyo mai ɗaukar magana. Na bi su gida-gida. Wani in kai masa goro, wani in gyara masa katangar da damina ta ci, sannan ya yarda ya zauna. Ba iyakar gona kaɗai suka faɗa ba. Sun faɗi wanda ya fara zama a ina, daga wane gari ya zo, wa ya haƙa wace rijiya, waƙar da ake yi ranar gayya, da yadda aka yi shekarar da ruwa ya ƙi zuwa. Na tara kaset arba'in da uku. Babu wanda ya sa ni, babu wanda ya biya ni. Mutane har suna cewa Sale ya samu taɓi, yana yawo da rediyo yana ɗaukar tarin tsofaffi. Su ne daga baya suke aiko mini idan rigimar gado ta tashi.

Shekara tara da suka wuce Hajara ta ga kasakasan sun fara ja, murya tana rawa. Ta sayo mini kwamfutar nan ta hannu, ta ƙarar da hutunta guda tana juye su ciki. Ta sa wa kowane lamba, don ba na karanta rubutu amma na san lamba, tef ɗin awo ya koya mini. Daga baya danshi ya shiga kwalin kasakasan, suka manne, ko ɗaya bai tsira ba. Ban damu sosai ba a lokacin, tunda na san suna cikin baƙar.

Za ka ce me ya hana a ajiye a wani wuri daban. Hajara ta roƙe ni ba sau ɗaya ba, ta ce a zuba a filash, a zuba a wayarta. Ni na ƙi. Dattawan nan sun faɗa mini asirin gidaje: wanda ya jinginar da gonar ubansa a ɓoye, wanda riƙo aka yi masa ba haihuwarsa aka yi a gidan ba. Na yi musu alkawari ba za a ji a bakin kasuwa ba, sai inda shari'a ta buƙata, kuma iya abin da ta buƙata. Na ga yadda magana take tsalle daga waya zuwa waya. Na ce wuri ɗaya, a hannuna. Wannan taurin kai nawa ne, na ɗauka.

Na biyu: ita kanta kwamfutar.

Mummuna ce, ba zan ɓoye ba. Kauri kamar bulon inci huɗu, nauyi kamar an cika ta da yashi, fankarta tana gurnani in ta daɗe a kunne. Amma ni magini ne, na san abin da aka yi don ya zauna da abin da aka yi don a kalla. Ta taɓa faɗowa daga Adaidaita Sahu a shataletale, kusurwarta ta fashe, na ɗauka na hure ƙasar na kunna, ta kama. Shayi ya taɓa zube mata a kan maɓallai, na kife ta a rana kamar ƙwarya, da la'asar ta tashi. Murfinta in ka buɗe yana tsayawa inda ka tsayar da shi, ba ya rangaji. Duk abin da yake jikinta da ƙusa aka ɗaure shi, irin ƙusar da kowace sukudireba take kamawa. Shekara tara, sau ɗaya na canja mata caja.

Laifinta biyu. Wani layi kore ya fito mata a fuska daga sama har ƙasa, sannan kafaɗata ta dama ta daina jure ɗaukarta zuwa zauren mai unguwa. Layin nan kawai na kawo ku gyara mini.

Na uku: ranar musaya. Hajara ta so a cire wannan sashe, ta ce za a yi mini dariya. Na ce a bar shi, an riga an yi.

Na zo ranar Litinin ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Ma'aikacinka mai farin gilashi ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni kujera. Ya duba ya ce fuskar irin wannan ta yi wuya a kasuwa, kuɗin gyaran ya kusa kuɗinta. Sai ya ɗauko wata fara sol, siririya kamar faranti, ya ɗora mini a tafin hannu. Wallahi Alhaji na ji daɗinta. Kafaɗata ce ta fara amsawa kafin bakina. Ya buɗe ta da yatsa ɗaya. Ya ce, "Baba, wannan ko masallaci ka je da ita a hammata ba wanda zai sani. Waccan ai sai da ɗan dako." Na yi dariya, na ce a ba ni zuwa gobe.

Na koma gida na yi abin da kowane mai rediyo ya san ana yi. In za ka sayar da rediyo, kana cire kaset ɗinka ka ba da gangar jikin. A bayan baƙar akwai 'yar sakata guda biyu, in ka tura su wani dogon abu yana zarowa, mai nauyi, da baƙin ƙarfe a baki. Na daɗe da sanin wurin. Na taɓa gwadawa ma: na kunna muryar Malam Audu Maƙeri, yana cikin magana na zare abin, ya yi tsit. Na mayar, na kunna, ya dawo. Wace shaida kuma zan nema? A wurina kaset ɗin ke nan. Na zare shi, na naɗe a cikin sabon ƙyalle, na sa a ƙasan akwatina tare da takardun gida.

Ranar Talata na dawo. Mai gilashi ya juya ta ya ga ramin, ya ce ina batirin. Na ce masa, da bakin nan nawa, a gaban mutum biyu da suke gyara a teburin baya: "Ba batir ba ne, kaset ɗina ne. Maganar mutanena ce a ciki, ba ta sayarwa ba ce." Ya dube ni, ya dubi na bayan, suka yi dariya. Ya ce, "Baba ka iya! Ajiye kayanka da kyau." Sannan ya rage naira dubu goma sha biyar daga dubu arba'in da ya yi wa tsohuwar kuɗi, ya ce saboda babu batir. Sabuwar dubu ɗari biyu da sittin. Na cika dubu ɗari biyu da talatin da biyar, kuɗin injin buga bulona da na sayar, wanda shi ne na ƙarshe cikin kayan aikina.

Ya jona ta da wuta ya kunna a gabana don ya gwada, ta kama. Ban yi mamaki ba, rediyo ma yana kamawa ko babu kaset. Lambobina suna nan a fuskarta, ɗaya zuwa arba'in da uku, a jere, yana kallonsu. Na ɗauka ɓawo ne kawai ya rage.

Alhaji, a nan ƙorafina yake. Jahilcin nawa ne, ban musa ba. Amma shi ya sani. Ya ji na ce maganar mutanena ce, ya ga lambobin, ya san abin da ke cikin akwatina ba ya riƙe ko kalma ɗaya. Magana guda ta ishe shi: Baba, ba a nan suke ba, bari in kwashe maka. Hajara ta ce aikin bai fi na shan shayi ba. Ni in mutum ya zo ya ce in ɗora masa bene a kan katangar da ba ta da harsashi, ba na cewa ka iya in karɓi kuɗinsa. Ina gaya masa, ko zai ji haushi. Na rasa ayyuka saboda haka, amma babu ginina da ya taɓa danne wani.

Na huɗu: yadda na gane.

Da na isa gida na juya sabuwar ta kowace fuska ina neman ƙofar da zan sa kaset ɗina, ban gani ba. Na ce wata dabara ce ta zamani, sai Hajara ta dawo, don tana Zariya a lokacin wajen wani kwas. Ban kira ta ba, saboda ban so ta ji na yi ciniki a bayan idonta.

Kwana goma bayan haka mai unguwa ya aiko daga Unguwar Gano. Gidaje biyu suna rigima a kan wani lungu da ke tsakaninsu, har an fara zagin iyaye. Na san lamba ashirin da shida ce maganinsu, inda marigayiya Inna Kulu, wadda gonar ubanta ce asalin wurin, ta faɗi inda iyakar ta bi. Na ɗauki sabuwar da ƙullin ƙyallena na tafi, na ce a cikin taron ba za a rasa mai ilimin da zai haɗa mini ba. Akwai wani malamin makaranta a wurin. Na miƙa masa. Ya warware ƙyallen, ya duba, sannan ya ce in ɗan zo waje. Allah ya saka masa da alheri, bai faɗa a gaban mutane ba. A jikin katanga ya ce mini, "Baba, wannan batir ne. Wuta kawai yake riƙewa. Maganar tana can cikin cikin tsohuwar, a wani faifai da aka ɗaure da ƙusoshi. Ina take?"

Ban san yadda na zo titi ba. Abin da na sani, a Adaidaita Sahu na lura takalmina ɗaya ne a ƙafata, ɗayan yana ƙofar zauren. Da na iso shagonku aka ce an sayar da ita kwana huɗu da suka wuce.

Rigimar lungun har yau tana nan. Na faɗa musu abin da Inna Kulu ta ce, kalma da kalma, don na haddace. Ɗaya ɓangaren suka ce wannan Sale ne ya ce an ce. Kuma gaskiyarsu. Muryarta suke jin kunya, ba tawa ba.

Na biyar: sabuwar.

Zan yi mata adalci. Ba ta da nauyi, fuskarta tas, tana kwana biyu ban sa mata wuta ba, ba ta gurnani. Wanda ya zana ta ya iya zane. Amma wata biyu da saye gaɓar murfinta ta hagu ta tsage, ba faɗuwa ta yi ba, buɗewa kawai da rufewa. Yanzu sai na jingina ta da gwangwanin madara take tsayuwa. Na kawo muku aka ce garanti sati biyu ne. Mai gyara a Tarauni ya ce batirinta manne shi aka yi da gam a ciki, ƙusoshinta kuma sai da wata sukudireba ta musamman, in abu ɗaya ya mutu sai a canja rabin jikinta. Na san irin wannan aikin. Bulo ne da aka yi wa rowar siminti, aka lulluɓe da filasta mai santsi da fenti mai sheƙi. Mai saye yana shafa bango yana murna, damina ta uku ce take gaya masa gaskiya.

Ban ce ku daina sayar da ita ba. Wanda zai canja duk shekara biyu, ta dace da shi. Amma da aka ɗora mini ita a hannu, nauyinta aka gaya mini da kyanta da kuɗinta. Babu wanda ya ce mini shekara nawa za ta yi. Ni ma ban tambaya ba, kuma tambayar da na yi shekara hamsin ina yi wa kowane buhun siminti ke nan. Na ba da mai kauri da ta riƙe mini amana shekara tara, na ƙara da injina, na karɓo kyakkyawa wadda babu kowa a cikinta.

Na yi ƙoƙarin cika ta. Na ɗauke ta na je wurin Malam Isiyaku, shi kaɗai ya rage cikin goma sha huɗun, yana wurin ɗansa a Unguwa Uku. Na ce mu sake daga farko. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana murmushi, sannan ya kira ni da sunan mahaifina, ya tambaye ni ko an gama girbi. Mutumin da ya taɓa jero mini rijiya goma sha ɗaya da sunan wanda ya haƙa kowacce. Na rufe kwamfutar, muka yi hirar girbi har aka kira azahar.

Na shida: abin da aka gaya mini a shagonka.

Zuwan farko an ce an sayar. Zuwa na biyu mai gilashi ya ce an farfasa ta an yi kayan gyara. Zuwa na uku ya ce ko an same ta ma an riga an wanke ta, don ba kwa sayar da kwamfuta da kayan wani a ciki. Magana uku, kuma ba za su zama gaskiya duka ba.

A zuwa na biyar wata daga cikin ma'aikatanka ta tausaya mini. Ina roƙonka kada a taɓa aikinta, ita kaɗai ta dube ni a matsayin mutum. Ta ce an sa wa baƙar wani batir an sayar wa wani mutum da ya ce zai buɗe shagon buga takardu a wajen Hotoro. Ta ce ranar babu wuta, janareto kuma yana wurin gyara, mutumin yana sauri, ya ce a ba shi haka zai wanke da kansa. Ta ce lambar wayarsa tana jikin kwafin rasit, amma ba mai ikon buɗe wannan sai Alhaji.

Tun ranar nake bin shagunan buga takardu na Hotoro da ƙafa, layi-layi, kwana biyu a mako, in gwiwa ta bari. Ina leƙawa in yi sallama in ce a nuna mini kwamfuta. Wasu suna ɗauka bara na zo. Na ga baƙaƙe sun fi goma, babu tawa.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa ma'aikatanka ba, don ba maganar kanti ba ce. Lamba goma sha tara. Ranar ina ɗaukar Malam Audu Maƙeri a zaurena, yana bayanin inda maƙera suka fara zama. Ana cikin haka sai a ji sakaina ta faɗi a cikin gida, a ji mace tana korar kaji, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Malam, a ce wa baƙon kada ya tafi, furar ta kusa. In ya ƙi, a riƙe masa sanda." Sai ta yi dariya, Malam Audu ma ya yi. Shi ke nan. Bai kai minti ɗaya ba. A lokacin har na ji haushi, na ce ta ɓata mini ɗauka.

Mai ɗakina ce, Ladi, uwar Hajara. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarta. Ba ta yarda da hoto ba ko sau ɗaya, in ta ga mai kyamara sai ta shige ɗaka. Ban taɓa tunanin in zaunar da ita in ɗauke ta ba. Na bi tsofaffin unguwa kaf, na manta da wadda take cikin gidana, don a ganina tana nan kullum. Wannan minti ɗaya shi ne abin da ya rage. Duk Juma'a in na dawo masallaci ina kunna shi sau ɗaya, ba na maimaitawa, sai wata Juma'ar.

Wata huɗu ke nan ban ji ba. Kalmomin suna nan a kaina, amma sautin ya fara gudu. Makon jiya na zauna ina tuno shi, sai na ji da muryar Hajara yake zuwa mini, ba da ta uwarta ba. Na yi na yi in raba su na kasa. Wannan ne ya sa na ce a ɗauko takarda.

Hajara ta tsaya da bugawa a nan. Na ce ta sha ruwa mu ci gaba.

Saboda haka, Alhaji, ga roƙona.

Ka buɗe rasit ɗin nan ka kira mutumin. Ban ce ka ba ni lambarsa ba, na san amana ce, ni ma mai riƙon amana ne. Kai ka kira, ko ka sa a kira a gabanka. Kira ɗaya.

In bai wanke ba, a gaya masa ina ba shi sabuwar, da cajarta da jakarta, ya ba ni tsohuwar. Ba na neman ciko. In ya fi son tasa, ya bari a kwashe mini lambobina kawai a goge nasa, ni zan biya mai kwashewa.

In ya wanke, a roƙe shi ya rufe ta ya daina aiki da ita tukuna. An gaya wa Hajara cewa akwai masu iya tono abin da aka goge, matuƙar ba a zuba sabon abu da yawa a kansa ba, kuma kowace rana da ake aiki da ita wani abu yana ƙara binnewa. Shi ya sa kwanakin da ake ce mini Alhaji ya fita suke mini tsada.

In kuma an farfasa ta da gaske, ka faɗa mini da bakinka, ido da ido. Zan iya ɗauka. Na binne mutane da yawa. Abin da ba zan iya ba shi ne yawon Hotoro ba tare da na san ko akwai abin da nake nema ba.

Dubu goma sha biyar ɗin da aka rage mini, na yafe. Mai gilashi ma ban ce a kore shi ba, yana da iyali. A dai koya masa, shi da sauran, duk wanda ya kawo tsohuwar kwamfuta musaya, musamman mai furfura, a tambaye shi: me ke ciki, an kwashe? In ya ba da amsar da ta ba ku dariya, to a nan ne ya fi buƙatar ku.

Ga alamunta, ga duk wanda ya gani. Baƙa ce mai kauri. Kusurwar hagu ta gaba ta fashe, na ɗaure ta da ɗan guntun alminiyon da gam, aikin hannuna ne, ba kyau amma ba ya motsi. A kan murfin akwai ɗigon koren fenti guda uku. Maɓalli ɗaya a layin sama ya ɓalle, sai farin ƙoƙonsa. Koren layi a fuska, sai dai in an canja. Wanda ya san inda take ya shigo Gyadi-Gyadi ya tambayi gidan Sale Magini, masu shayi ma sun sani.

Alhaji, an ce mini kai mutumin kirki ne, kana taimakon masallaci da marayu, kuma ba ni da dalilin ƙaryata wannan. Mai yiwuwa ma ba a taɓa gaya maka ina zuwa ba. Allah ya buɗa maka kasuwa, ya tsare dukiyarka daga wuta da ɓarawo, ya shirya maka zuriya. Allah ya jiƙan iyayenka, ya sa kada ka manta muryarsu. Ya ba ka tsufa mai daraja, ya haɗa ka da masu gaya maka gaskiya ranar da zamani ya wuce saninka.

Kai kuma bawan Allah da baƙar take hannunka, ban san sunanka ba, kuma ba ka yi mini laifin komai ba, da kuɗinka ka saya. In ka ga lambobin nan, don Allah kada ka kunna a cikin mutane, akwai asirin bayin Allah a ciki. In kuma kana so ka tabbatar tawa ce, ka buɗe lamba ɗaya kai kaɗai. Za ka ji shiru mai tsawo, sai motsin tabarma, sai tari, sai wani shirun. Kada ka ce lalatacce ne ka goge. Malam Garba ne sarkin noma, haka yake tun yana da rai, ba ya fara magana sai ya gama tauna goronsa. Ka ba shi minti biyu. Zai yi magana.

Wassalam.

Naka,
Malam Sale Magini,
Gyadi-Gyadi, Kano.